Gilisirizin

Gilisirizin sinadari ne da ake samu a saiwar tsiron likoris, wanda a kimiyyance ake kira Glycyrrhiza glabra, Larabawa kuma ke ce masa irƙus-sus. Sunan na kimiyya daga Girkanci ya samo asali, ma'anarsa "saiwa mai zaƙi", kuma sinadarin ya fi sukari zaƙi sau 30 zuwa 50.

Bincike kan ƙwayoyin cuta

A shekarar 1979 masu bincike a Italiya suka wallafa a mujallar Nature cewa sinadarin yana hana wasu ƙwayoyin bairas hayayyafa. A 1987 masana a Japan suka ga yana daƙile ƙwayar HIV, mai haddasa ƙanjamau, a ƙwayoyin halittar da aka raina a ɗakin gwaje-gwaje. A 2003 an sami irin wannan sakamako a Frankfurt ta Jamus kan cutar SARS.

Sai dai ɗakin gwaji daban, jikin mutum daban. Idan aka sha saiwar, ƙwayoyin da ke cikin hanji suna sauya sinadarin kafin ya shiga jini. A Japan ta hanyar allura ake ba masu ciwon hanta shi. Ba a amince da shi a matsayin maganin HIV ba, kuma ba ya maye gurbin magungunan ARV.

Illoli

Yawan shansa yana sa jiki riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da sinadarin fotasiyam. Hakan kan jawo hawan jini, kumburi da rikicewar bugun zuciya, don haka ake gargaɗin masu juna biyu da masu ciwon ƙoda su guje masa.