Tsatsar da Ke Cin Tsohuwar Fijo Ta Ƙarƙashin Kafet

Tsakanin Parakou da Djougou tafiyar kilomita kusan 135 ce, kuma har yau a kan wannan hanya ta arewacin Jamhuriyar Benin ana cin karo da motocin da suka girmi direbobinsu. Peugeot 504 da ƙanwarta 505, wato Fijo a bakin Bahaushe, suna nan suna jigilar doya da buhunan masara da 'yan kasuwa, duk da cewa motocin Japan sun ƙwace musu galibin tashoshi. Garuruwan biyu dama na matafiya ne tun asali. A da ta Djougou fataken Hausa suke bi zuwa Gwanja sayen goro, Parakou kuwa nan ne layin dogo mai tsawon kilomita 438 daga Kwatano ya tsaya, a da daga nan ake ɗora kaya a mota zuwa Malanville da Gaya.

A shekarar 1968 kamfanin Peugeot ya fito da 504, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Kenya da na Bandama a Kodebuwa. A wannan shekarar ce masana'antar Fijo ta PAN ta buɗe a Kaduna, inda aka ci gaba da haɗa 504 kusan shekara talatin, Faransa ta daɗe da daina yin ta. Yanzu a Turai mota ce ta tarihi, masu sha'awa na killace ta a gareji suna goge ta ranar Lahadi. A kasuwar Arzèkè ta Parakou kuwa abin neman abinci ce. Amma abin da ke kashe ta a wuraren biyu ɗaya ne, kuma ba inji ba ne.

Inji in ya gaji ana sauke shi, a canza ringi, ko a nemo wani a ɗora. Giya da birki ma haka. Daɓen mota, wato farantin ƙarfen da fasinja ke ɗora ƙafa a kai, shi ne idan ya ruɓe magana ta ƙare. Ƙaramar 504 da doguwar nan mai layin kujeru uku ba su da wani ƙashin ƙarfe daban da aka ɗora jiki a kansa irin na manyan motoci. Jikin da ƙashin abu guda ne, daɓen na cikin abin da ke riƙe motar gaba ɗaya. A jikinsa aka ɗaure kujeru, a kusa da shi bel ɗin kujera yake kamawa. Kaurinsa kuma bai wuce milimita ɗaya ba.

Abu uku tsatsa take bukata: ƙarfe, iska da ruwa. In suka haɗu, ƙarfen yana rikiɗewa ya koma jan garin nan da kowa ya sani. Illar ita ce tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri, don haka sai ta kumbura, ta ɗaga fenti, ta ɓantare, ta buɗe sabon ƙarfe ga danshi. Ba ta tsayawa da kanta. Motocin wancan zamani kuma ba su sami kariyar da aka zo da ita daga baya ba. Sai a 1975 Porsche ya fara lulluɓe jikin mota gaba ɗaya da sinadarin zinki, Audi ya bi sahu a tsakiyar shekarun 1980. Abin da tsohuwar Fijo ta dogara da shi fenti ne da ɗan kwalta, kuma dukansu sun tsufa tare da ita.

Yawancin masu mota suna zaton daga ƙasa tsatsa take hawowa, daga taɓon hanya. Tana hawowa ta nan ɗin, amma wadda ta fi yin ɓarna ta ciki ce, domin ƙasan mota yana shan iska ya bushe, cikin kuwa a rufe yake. A ƙarƙashin kafet akwai wani kauri mai kama da bargo da masana'anta ta shimfiɗa don rage ƙara da zafi. Wannan abu yana shan ruwa kamar soso, ya riƙe shi makonni a manne da ƙarfe, alhali saman kafet ɗin a bushe yake ƙamas. Damina a yankin Borgou da Donga, inda Parakou da Djougou suke, tana kamawa daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,000. Motar da ke yoyo tana iya shafe wata biyar daɓenta bai bushe ba ko sau ɗaya.

Ta ina ruwan yake shiga? Robar gilashin gaba ce ta farko. Rana da hunturu suna busar da ita ta tsattsage, ruwa ya bi ta bayan dashbod ya ɗiga a inda direba ke taka totur. Sai kuma ramin da ke gindin gilashin, inda iska ke shiga mota: yana da ƙananan magudanai, ganye da ƙura na toshe su, ruwa ya taru ya malala ciki. Robobin ƙofa suna mutuwa. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramukan fitar da ruwa da laka kan liƙe. Akwai ƙananan robobi da ke toshe hudojin daɓe, sukan faɗi ba wanda ya kula. Akwai kuma ɗan lagireton ɗumama ɗaki da ke bayan dashbod, wanda a wannan yanki ba a cika waiwayarsa ba, amma ruwan inji na bi ta cikinsa, in ya huje yana ɗiga a hankali. Kada a manta da yaran wankin mota da ke sheƙa bokiti a ciki don a ga sun yi aiki.

Kayan da motar ke ɗauka su ma suna da nasu laifin. Gishiri yana hanzarta tsatsa ƙwarai. Arewacin Benin ƙasar auduga ce, buhunan takin zamani na yawo a motoci kowace shekara, takin kuma yana jan danshi daga iska yana cin ƙarfe. Fitsarin awaki da tumakin da ake kaiwa kasuwa, musamman gab da Babbar Sallah, shi ma haka. Sannan da yawa daga cikin motocin nan na hannu ne da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, bayan sun yi shekaru a titunan Turai inda ake watsa gishiri don narkar da ƙanƙara. Sun iso da cutarsu a saƙo-saƙo.

Rami a daɓe ba muni kaɗai ba ne. Salansa tana bi ta ƙarƙashinsa, in tana yoyo hayaƙinta zai shigo, a cikinsa kuwa akwai iskar guba wadda ba ta da wari, tana sa ciwon kai da gyangyaɗi. Direban da ke gyangyaɗi da fasinja tara a kan hanya ba abin wasa ba ne.

Dabarun da aka fi yi a garejoji su ne mafi arha, kuma su ne ke ƙara ta'azzara abin. Wani ya shafe wurin da kwalta, tsatsar na ƙarƙashi tana ci gaba da aikinta a ɓoye. Wani ya cika rami da foti, ya bi da fenti, mai mota ya biya yana murna. Wani ya yanko kwanon rufi ya ɗora a kan ramin ya buga kusoshi, ruwa ya sami sabon maƙwanci tsakanin ƙarfe biyu. Baƙin mai da ake juyewa daga inji kuwa yana ɗan korar ruwa, wannan gaskiya ne, amma yana lalata roba, yana tara ƙura, warinsa na cika mota, kuma fenti ba zai sake kama wurin ba sai an sha wahalar wanke shi. A cikin ɗakin mota ba shi da gurbi.

Aikin ƙwarai yana farawa da kwance kujeru da fitar da kafet da bargon nan duka. A cire kan batir. Kafin a taɓa tsatsa, a nemo inda ruwa ke shiga: mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, wani ya riƙa zuba ruwa a waje sannu a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Duk gyaran da aka yi ba a toshe yoyon ba, asarar kuɗi ce.

Daga nan a ɗauki sukundireba a riƙa dannawa. Inda ya shige, ƙarfen ya mutu, sai yankewa har a kai inda yake da lafiya, a yi walda da sabon faranti mai kauri daidai da na asali. Nan ne ake bukatar mai walda mai haƙuri, domin wutar kabaid da aka fi amfani da ita tana da zafin da ke lanƙwasa siririn ƙarfe in aka daɗe a wuri ɗaya. Bututun fetur da na birki suna bi ta ƙarƙashin daɓe, dole a kawar da su ko a kare su, a kuma ajiye abin kashe wuta kusa. Idan farantin mai rufin zinki ne, a kankare bakinsa kafin walda, don hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Inda tsatsar ta tsaya a sama kawai, a kankare tsohuwar kwaltar masana'anta, a bi da buroshin waya da samfefa har ƙarfe ya yi fari. Ƙananan ramukan da buroshi ba ya kaiwa, akwai ruwan maganin tsatsa da ake sayarwa, mai ɗauke da asid na fosfarik ko na tanin, wanda ke mayar da ragowar jan garin ya koma baƙin rufi mai tauri. Ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi, kuma ba ya aiki a kan tsatsa mai kauri. Bayan ya bushe a goge maiƙo da tina, a shafa fentin farko, wato firaima. Na ifoksi mai haɗi biyu ya fi kowanne hana ruwa wucewa, in babu shi jan firaima da aka sani ya fi babu, muddin aka rufe shi da fentin sama shafi biyu. Duk layin walda da mahaɗar faranti a bi su da gam ɗin toshe gaɓa. Dogayen akwatunan ƙarfe da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda hannu ba ya shiga, a fesa musu kakin hana tsatsa ta hudojinsu. Bayan wurin da aka yi walda, ta ƙarƙashin mota, shi ma a yi masa fenti, tunda wuta ta ƙone kariyarsa. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, saboda mai mota ba ya leƙawa.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ta bushe kuma fenti ke kamawa da kyau. Sai dai ƙura takan manne a ɗanyen fenti, shi ya sa ake so a yi shi a rumfa mai kariya, a yayyafa ruwa a ƙasan rumfar. Direban haya zai yi kukan kwanakin da motar za ta yi ba ta fita lodi ba, kukan kuma yana da hujja, amma yanke daɓe gaba ɗaya bayan damina biyu ya fi haka cin kwanaki da kuɗi.

Tsohon bargon ba ya komawa. Ga motar da ke ɗaukar kaya da dabbobi, shimfiɗar roba da za a iya ɗagawa a wanke ta fi kafet da aka manne da gam. Buhun taki ko na gishiri a sa masa leda mai kauri a ƙasa. Bayan ruwan farko na watan Mayu a ɗaga shimfiɗar a taɓa ƙarfen da hannu, musamman gefen direba da cikin but, inda ruwa ya fi kwanciya.