Mai faskare: yaushe ake ajiye gatari?

A Magarya da Dungas, daga Disamba zuwa Fabrairu, kasuwar mai itace ke ci. Da hunturu ya kaɗa, kowane gida na neman na jin ɗumi. Amma dattawan sana'ar, waɗanda suka shekara talatin da gatari, tambaya guda ke damunsu: yaushe za a bari?

Ba ƙarfin jiki kaɗai ke raguwa ba. Gawon da ya sake cika gonakin yankin tun shekarun 1980 yana da masu shi. Manomin da ya rene shi ba ya yarda a sare. Tun 2011 kuma, da matatar SORAZ ta fara fitar da gaz, ma'aikacin gwamnati, wanda da shi ne babban mai saye, ya soma sanya tukunyarsa bisa gaz.

A ganinmu, watan Maris ya fi dacewa: kuɗin sanyi na hannu, jaki da amalanke da sauran darajarsu. Su ne jarin kiwon raguna ko na tebur a kasuwa. Wanda ya jira damina, a hatsi kuɗin za su ƙare.