Tazarar kujeru uku: zaɓen depitoci na 1995 da abin da ya biyo baya

Ƴan uwa mata, da yawa daga cikinmu ba a haife su ba a 1995, wasu kuma ana goye da su. Amma iyayenmu da suka fara zubi tun farkon Mata Masu Dubara, wadda ta soma a yankin Maraɗi a 1991, ba su manta da wannan shekara ba. In hira ta karkata kan siyasa bayan an rufe akwati, ita suke kawowa. Shi ya sa muka ga ya dace mu jera labarin yadda ya faru, don ƙanana su ji.

A 1993 aka zaɓi Mahaman Usman na CDS-Rahama, ɗan Damagaram, ya zama shugaban ƙasa. Ƙawancen jam'iyyu ne ya kai shi, kuma Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya ya zama faraminista. Tafiyar ba ta yi nisa ba. A watan Satumban 1994 Isufu ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta koma gefen MNSD-Nasara, shugaba ya wayi gari ba shi da rinjaye a majalisa. Sai ya rusa ta, ya ce a koma wa talakawa.

Aka yi zaɓe ranar 12 ga Janairun 1995, shekara guda cif da karya darajar sefa. Ku tuna halin da ake ciki: kuɗi sun rasa rabin ƙarfinsu a waje, magani da duk wani kaya mai shigowa daga Turai ya yi tsada, ma'aikatan gwamnati suna bin bashin albashi. Cikin wannan matsi mata suka bar tukunya a kan murhu suka je layin ƙuri'a.

Kujerun majalisa 83 ne a lokacin. MNSD da PNDS da abokansu suka samu 43, ɓangaren shugaba 40. Tazarar kujeru uku kacal, amma ta isa ta canza gwamnati, domin kundin tsarin mulkin 1992 ya ba majalisa ikon kada faraminista. Shugaba ya gwada dabara: ya naɗa Amadu Sise, ɗan MNSD ne amma ba shi jam'iyyar ta tsayar ba. Ko wata bai yi ba depitoci suka jefa masa ƙuri'ar rashin amincewa. Dole a watan Fabrairu ya naɗa Hama Amadu, Isufu kuma ya hau kujerar shugaban majalisa.

To, nan fa ake yin ta. Shugaban ƙasa daga wani gida, faraminista daga wani, ga shi doka ta ce su zauna tare. Mu da muka san zaman kishiyoyi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Bambancin kawai, a gida akwai rabon kwana da kowa ya sani, su kuwa kundinsu bai fayyace rabon ba. Wa zai tsara abin da za a tattauna a taron ministoci? Wa ke da ikon naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati? Kowa ya buɗe kundin ya karanto wurin da ya yi masa daɗi. Daga watan Afrilu shugaba ya daina zaman taron ministoci. A watan Yuli faraminista ya canza shugabannin kamfanoni ba da yardarsa ba. Takardu suka tsaya a kan tebur, aiki ya tsaya tare da su.

Wa ya sha wahalar? Mai sayar da fura da ƙosai a bakin ofis, mai ba matar malamin makaranta gero da mai bashi sai ƙarshen wata, ƙarshen watan ya zo babu albashi. Ita ma ga zubin mako yana jiranta, ga bashin asusu da ta ci don jari. A ganinmu duka ɓangarorin biyu suna da laifi, ko da kuwa kowace cikinmu akwai wanda ta kaɗa wa. Don adalci dai, a cikin wannan rikici ne aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen arewa, ranar 24 ga Afrilun 1995 a Yamai. Wannan kam sun yi abin kirki.

Ranar 27 ga Janairun 1996, cikin watan azumi, Kanal Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da su gaba ɗaya, ya ce rigimarsu ta hana ƙasa tafiya. Majalisar da aka sha rana aka zaɓa, shekara ɗaya da ƴan kwanaki ta yi.

Abin da ke ba mu mamaki, matsalar da ta gagari masu manyan takardu mu mun daɗe da yi mata magani. A yawancin ƙungiyoyinmu mai ajiye akwati daban, masu riƙe mabuɗan kwaɗo daban, mai rubutu daban, kuma ba a buɗewa sai a gaban kowa. Tun kafin a zuba dala ta farko ake yanke nawa ne tarar latti, wa ke fara cin bashi, yaushe ne rabo. In an zaɓi sabuwar shugaba alhali ma'ajiya ba ƙawarta ba ce, asusu ba ya tsayawa, don aikin kowacce a rubuce yake. Inda muke da rauni shi ne lokacin kamfe, in ɗan takara ya aiko da turamen atamfa da sabulu, a fara kallon juna da idon jam'iyya. Iyayenmu sun ga maƙwabta da suka daina zuwa sunan juna saboda Rahama da Nasara.

Mata kuwa a majalisun wancan zamani, ba su cika yatsun hannu biyu ba. A zaɓen 1999 mace ɗaya tak ta shiga cikin 83. Sai da aka yi dokar kaso a 2000 sannan a 2004 muka samu 14 cikin 113.

Su kuma manyan da suka kasa zama ɗaki ɗaya a 1995? Bayan zaɓen 1999 CDS da MNSD suka ƙulla ƙawance a ƙarƙashin Shugaba Tanja Mamadu. Mahaman Usman ya zama shugaban majalisa, Hama Amadu ya dawo faraminista, suka yi fiye da shekara bakwai suna aiki tare.