Baƙo a bakin Rijiyar Kusugu

Mutumin Magariya da ya shigo ta Babban Mutum a Baure ɗan Nijar ne a takarda, amma a ƙasar Daura ɗan gida ne: harshe ɗaya, dangi a kowane ɓangaren iyaka. Bature kuwa sai da biza, kuma manyan baƙi sukan fara kai gaisuwa fadar Sarki kafin a raka su Kusugu.

A can ake ɗebo wa baƙo ruwa ya sha, a ba shi labarin Bayajidda. Tarihin baka ya ce shi ma baƙo ne daga Bagadaza, tsohuwa Ayana ta sauke shi, ya kashe macijiyar da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, sannan ya auri sarauniya Daurama.