Man Ƙamshi da Tsutsar Cikin Tumaki: Abin da Na Gano a Turken Gwaggona

A ƙarshen daminar bara na kai ziyara wani ƙauye da ke ƙasar Ajingi domin gaishe da gwaggona, ƙanwar mahaifina. Tun rasuwar mijinta ba ta da wata dukiya da ta wuce tumaki bakwai, kuma da su take sa ran yi wa autarta kayan ɗaki. Na tarar saura biyar. Biyu sun mutu cikin mako guda, ta uku kuma tana kwance a gindin turke, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura kamar an ɗura ruwa a salka.

"Ɗan nan, ba fa sakaci na yi ba," in ji ta. "Sau biyu ina ba su ƙwaya, sannan ga wannan da na saya ranar kasuwa." Ta miƙo mini wata 'yar kwalba marar takarda, mai ƙamshin kanumfari da ganyen turare. Mai tallar ya ce mata man tsirrai ne zalla, irin wanda Turawa suka koma amfani da shi tun da magungunansu suka daina ci, a ɗiga ɗigo biyar a ruwan sha, shi ke nan.

Na kama tunkiyar da ke kwance na jawo fatar idonta ta ƙasa. Inda ya kamata in ga ja, fari na gani fat kamar takarda. Na ƙunso kashin dukansu a leda na tafi da shi ɗakin gwaji, amma tun kafin in ɗora shi a madubi na san abin da zan gani.

Abin da ya sa na ga ya kamata in yi wannan rubutu shi ne, maganar mai tallar nan ba duka ce ƙarya ba. Rabinta gaskiya ce, shi ya sa take shiga kunne.

Bari mu fara da ita kanta tsutsar. Wadda ta fi yi wa tumaki da awaki ɓarna a ƙasarmu ita ce wadda masana ke kira Haemonchus contortus. Siririya ce, tsawonta bai fi santimita uku ba, tana zama a ɗaki na huɗu na tumbin dabba, ta kafa baki tana zuƙar jini. Tsutsa guda tana jawo asarar kimanin mililita 0.05 na jini a rana. Abin kamar ba komai ba, sai an yi lissafi: tsutsotsi 2,000 za su raba tunkiya da mililita 100 kullum, alhali duk jinin jikinta bai fi lita biyu da 'yan kai ba. Macen tsutsar tana zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, su fito cikin kashi. Idan akwai ɗumi da danshi, kafin mako ya zagayo sun ƙyanƙyashe sun hau ciyawa suna jiran baki. Bayan kamar mako uku da haɗiye su, su ma sun fara nasu ƙwan.

Wani abu da ke yaudarar masu kiwo shi ne wannan tsutsa ba ta cika sa zawo ba. Mu kuwa mun saba ɗaukar zawo a matsayin alamar tsutsa. Sai dabba ta yi ta ci tana ramewa, tana zama baya idan an kora, har ran da haɓa za ta kumbura, lokacin kuwa jini ya riga ya tsinke.

Yanayin kiwonmu a Gaya da Ajingi ma yana taimaka mata. Da zarar an yi shuka, dole a ɗaure dabbobi don kada su shiga gonar mutane. Sai a kafa turke a bakin hanya ko wata 'yar saura, a riƙa komawa wuri ɗaya tun daga Yuni har Satumba, dabba tana kashi a inda take ci. Wasu kuma sukan yanko ciyawa da sassafe a fadamar da garken Fulani ya ratsa jiya, raɓa ba ta bushe ba, lokacin da 'ya'yan tsutsar ke manne da ganye. Da rani zafin rana yana ƙone na ƙasa, amma tsutsar tana da dabara. Tun shekarun 1970 masu bincike a Zariya suka nuna cewa 'ya'yanta sukan lafe a bangon tumbin dabba su daina girma, sai damina ta gabato su farka. Wato tunkiyar da ake ganin lafiyarta ƙalau a watan Maris ita ke ɗauke da irin da za a shuka a turke a watan Yuni.

To, ina gaskiyar mai talla? Gaskiya ne magungunan zamani suna rasa kaifinsu. An fito da tiyabendazol a 1961, kafin 1964 an riga an ba da rahoton tsutsar da ba ta jin sa a Amurka. Aibamektin, wanda ya shigo kasuwa a 1981 kuma ya jawo wa William Campbell da Satoshi Omura kyautar Nobel a 2015, shi ma bai tsira ba. Akwai gonaki a Afirka ta Kudu da Brazil da Ostireliya da kusan duk rukunin magungunan da aka sani sun daina yi musu aiki yadda ya kamata. Dalilin a fili yake: duk lokacin da aka ba da magani, tsutsotsi masu rauni su mutu, 'yan ƙalilan masu juriya su rage, su hayayyafa, su gadar wa 'ya'yansu juriyar. Abin da ke hanzarta hakan kuwa shi ne ba da maganin da bai kai ƙima ba. Da na tambayi gwaggo yadda ta ba su ƙwayar, sai ta ce ta albendazol guda ɗaya ta gutsuttsura wa tumaki huɗu, don haka aka ce mata. Ba wanda ya tambaye ta nauyinsu, ba wanda ya gaya mata cewa ba a ba tunkiya mai ƙaramin ciki wannan magani.

Wannan matsalar ce ta sa masana suka waiwayi tsirrai, musamman man ƙamshin da ake tatsowa daga ganye ko fure ta hanyar turara shi da tururin ruwa. Irin man da ke ba kanumfari da na'a-na'a da ɗoɗɗoya ƙamshinsu ke nan. Kuma ba sabon tunani ba ne. A farkon ƙarni na 20, lokacin da hukumar da Rockefeller ya kafa a 1909 ke yaƙi da tsutsar ciki a jikin mutanen kudancin Amurka, taimol aka riƙa ba su, sinadarin da asalinsa daga man wani ganyen miya aka fara samo shi. Daga baya aka koma ga man wani tsiro mai suna kenofodiyom. Suna kashe tsutsa, amma tazarar da ke tsakanin ƙimar da ke warkarwa da wadda ke cutarwa ƙarama ce, har an yi asarar rayuka, shi ya sa aka ajiye su da aka sami waɗanda suka fi su aminci. Duk mai cewa abu ba ya illa don kawai daga tsiro ya fito, ya tuna da tunya da zaƙami.

A wannan zamani mutanen Brazil ne suka fi zurfafa bincike. A 2002 masana a jihar Siyara suka nuna cewa man ɗoɗɗoya, da sinadarin yujinol da ke cikinsa, wanda shi ne ke cikin kanumfari, yana hana ƙwan wannan tsutsa ƙyanƙyashewa a kwanon gwaji. An sami irin wannan sakamako da man itacen turare da na wasu ciyayi da dama. Masu bincike a Italiya da Sabiya ma sun bi sahu.

Sai dai kwanon gwaji daban, cikin tunkiya daban. Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na nobe, ciyawar nan mai ƙamshi da ke fitowa a dazukan arewa da ƙasar Nijar. A Brazil manta ya yi aiki sosai a kwano. Da aka ɗura wa 'yan raguna masu tsutsa, har miligiram 360 a kan kowane kilo na nauyinsu, sakamakon da aka wallafa a 2012 bai nuna wani ragi na a zo a gani ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kafin man ya isa ɗaki na huɗu sai ya ratsa babban tumbi, inda zai narke cikin lita-lita na ruwa da ciyawa, ƙwayoyin halittar da ke wurin su farfasa wani sashe, jiki ya tsotse wani. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi ita ce magani ya rage ƙwan tsutsa a kashi da kashi 95 cikin ɗari. Mafi yawan man da aka gwada a jikin dabba sun tsaya ƙasa da haka, wasu ko rabi ba su kai ba. Shi ya sa yanzu ake ƙoƙarin lulluɓe man cikin wani ƙunshi da zai kai shi inda ake so kafin ya fashe. Akwai kuma wata matsalar: tsiro iri ɗaya yakan ba da mai daban-daban gwargwadon ƙasa da lokacin yanka. Sinadarin da ya rinjaya a noben da aka gwada a Brazil ba shi ne ya rinjaya a na yankin Sahel ba.

Yanzu mu koma kan kwalbar gwaggo. A ƙimar da aka gwada a Brazil, tunkiya mai kilo 35 za ta buƙaci fiye da giram 12 na mai. Ɗigo biyar bai fi rubu'in giram ba, wato kashi ɗaya cikin hamsin na ƙimar da ita kanta ba ta yi aiki ba, sannan a zuba a bokitin da tumaki bakwai za su sha. Ko da abin da ke cikin kwalbar man gaske ne, ba abin da ya yi illa sa wa ruwan ƙamshi. Illarsa ta gaske ita ce kwana goman da gwaggo ta yi tana jiran ya yi aiki.

Ba ina cewa a yi watsi da tsirrai ba ne. Iyayenmu sun daɗe suna jiƙa wa dabbobi ɓawon maɗaci da 'ya'yan bagaruwa, kuma binciken da aka yi a Jami'ar Ibadan, aka wallafa a 2004, ya nuna ruwan ɓawon maɗaci yana taɓa tsutsar tumaki. Abin da nake so shi ne mu gwada namu a jikin namu tumakin, 'Yan ƙasa da Uda da Balami, a cikin daminarmu. Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil ba ta da nisa da Gaya. Ga cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero, ga cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ga ta Bom da aka kafa tun 1924. Aikin farko ma bai buƙatar kuɗi mai yawa: a ɗauki kashin tumaki a Kademi da Gafasa da Toranke, a ƙirga ƙwai, a ba da magani a ƙimarsa, a dawo bayan kwana 14 a sake ƙirgawa. Ɗalibi ɗaya mai madubi da babur zai iya gaya mana ko albendazol yana nan da ƙarfinsa a wannan yanki. Ni kaina ina cikin waɗanda ya kamata su yi wannan tuntuni, sai da asara ta shigo gidanmu na tuna.

Kafin nan akwai abin da mai kiwo zai iya da hannunsa. A Afirka ta Kudu, cikin shekarun 1990, an ƙirƙiro wani kati mai suna FAMACHA, don girmama likitan dabbobi Faffa Malan. Launi biyar ne a jiki, daga ja zuwa fari, a kara shi da fatar idon dabba ta ciki. Mai ja a ƙyale ta, mai fari-fari a ba ta magani cikakke daidai nauyinta. Hikimar ƙyale masu lafiya ita ce tsutsotsin cikinsu ba su haɗu da magani ba, sai su cuɗanya da masu juriya su rage musu yawa. Kuɗin da za a raba wa bakwai ƙwayar da ba ta isa ba, ya ishi a yi wa uku magani na ƙwarai. A damina a duba ido duk mako biyu, a riƙa sauya wa turke wuri, a share kashi a kai gona, a shanya ciyawar da aka yanko kafin a zuba, a ƙara wa masu ciki da masu shayarwa dusa da harawa. Tunkiyar da kullum ita ce idonta ke fari, ita ya kamata a fara kaiwa kasuwar Wudil ranar Juma'a.

Tunkiyar da na tarar a kwance ba ta tashi ba. Sauran huɗun mun rataya su a buhu mun auna a sikelin mai sayen hatsi, aka yi wa biyu allura, biyu aka ƙyale su. Na nuna wa autar gwaggo yadda ake jawo fatar ido, kuma ta fi ni saurin hannu. Da zan tafi na nemi gwaggo ta ba ni kwalbar in kai a auna abin da ke ciki, sai ta ce, "Ɗauka mana, ɗan nan. Amma in ka gama ka dawo mini da ita, kuɗi na sa na saya."