Metal Machine Music

Metal Machine Music kundi ne na mawaƙin Amurka Lou Reed, wanda kamfanin RCA Records ya fitar a watan Yuli na shekarar 1975. Shi ne kundinsa na biyar da aka naɗa a situdiyo tun bayan barinsa ƙungiyar Velvet Underground. Babu waƙa ko ɗaya a cikinsa, babu muryar mutum, babu ganga. Abin da ke ciki ƙarar jita ce mai amfani da lantarki, tana ta kuka ba tsayawa har fiye da awa ɗaya. Ana yawan ambatonsa idan ana lissafa kundayen da suka fi raba kan masu sauraro a tarihin kiɗan rock.

Asali

An haifi Lou Reed a Brooklyn, birnin New York, ranar 2 ga Maris 1942. Ya yi suna da rubuta waƙoƙi a kan abubuwan da mawaƙan zamaninsa ke kauce wa, kamar shaye-shaye da rayuwar mutanen da ke kwana a titi. A 1972 kundinsa Transformer, wanda David Bowie da Mick Ronson suka shirya, ya kai shi ga jama'a masu yawa. A 1974 kuma Sally Can't Dance ya shiga sahun kundaye goma da suka fi kasuwa a Amurka, matsayin da wani kundinsa bai taɓa kaiwa ba. Saboda haka kamfani da masoyansa duk sun zuba ido suna jiran wani kundin irin wannan.

Sai dai Reed yana da wata tsohuwar sha'awa. Abokin aikinsa a Velvet Underground, John Cale, ya taɓa aiki da mai tsara kiɗa La Monte Young, wanda ya shahara da riƙe sauti ɗaya na tsawon lokaci ba tare da canza shi ba. Tun a wancan zamanin ƙungiyar ke cusa irin wannan sauti da ƙarar jita a cikin waƙoƙinta. A Metal Machine Music sai Reed ya cire waƙar, ya bar ƙarar ita kaɗai.

Yadda aka naɗe shi

Duk wanda ya taɓa zama a taron da makirufo ya matso kusa da lasifika ya san wannan kuka mai tsinin da ke sa mutane toshe kunne. Dalilinsa shi ne sautin da ya fito daga lasifika yana sake shiga makirufo, a ƙara masa ƙarfi, ya sake fitowa, haka yake ta zagaye. Jita mai lantarki ma tana yin haka. Reed ya jingina jitoci a jikin na'urorin ƙara sauti, ya buɗe su sosai, sai girgizar sautin ta riƙa kaɗa tsirkiyoyin da kanta. Ya naɗi wannan a gidansa da ke New York, ya ɗora sauti a kan sauti, ya sauya gudun tef ɗin a wasu wurare. Abin da ke fitowa ta lasifikar hagu daban yake da na dama.

Kundin ya fito a faifan garmaho biyu, wato fuska huɗu, kowace fuska kusan minti 16. A ƙarshen fuska ta huɗu an yanka layin faifan ya zama zobe, ta yadda allura ba ta isa ƙarshe. 'Yan daƙiƙun ƙarshe za su yi ta maimaituwa har sai mai sauraro ya tashi ya ɗaga allurar da hannunsa.

Karɓuwa

Hoton da ke bangon kundin ya ƙara dagula lamarin. Yana nuna Reed a tsaye da baƙar rigar fata da baƙin tabarau, kamar yana kan dandamali, don haka mutane da yawa suka saya da zaton waƙoƙi za su ji. Da suka ɗora faifan, wasu sun ɗauka lalatacce aka sayar musu, suka mayar da shi kanti. Ba a daɗe ba aka janye shi daga kasuwa. Yawancin masu sharhi a jaridun kiɗa sun yi masa kaca-kaca.

Nan da nan aka shiga neman dalili. Wasu suka ce Reed ya yi shi ne don ya cika sharaɗin kwantiraginsa da RCA ya huta. Wasu suka ce tsokana ce kawai, yana so ya kori sababbin masoyan da suka zo masa saboda waƙoƙi masu daɗin ji. Shi kansa bai sauƙaƙa wa kowa ba, domin maganarsa a kan kundin ta riƙa sauyawa daga wannan hira zuwa waccan, ko da yake a shekarunsa na baya ya tsaya a kan cewa da gaske ya yi shi, kuma yana alfahari da shi.

Cikin 'yan kaɗan da suka kare shi tun farko akwai Lester Bangs na mujallar Creem, wanda ya yi rubutu yana ɗora shi sama da kowane kundi. Rubutun cike yake da barkwanci, har ba a iya rabe inda wasa ya tsaya da inda gaskiya ta fara, kuma wannan ya dace da kundin kansa.

Waɗanda suka jure suka saurare shi har ƙarshe sukan ce bayan wasu mintuna kunne yana sabawa, sai a fara jin ƙananan sautuka suna hawa suna sauka a cikin ƙarar, wasu kamar kukan tsuntsaye. Wasu kuwa ba su ji komai ba sai ciwon kai. Bayan 'yan watanni Reed ya fitar da Coney Island Baby, kundi mai taushi da waƙoƙi na al'ada, wanda ya dawo masa da masu saye.

Bayan shekaru

Darajar kundin ta tashi a hankali, yayin da aka samu makaɗan da suka ɗauki ƙara a matsayin kayan aiki. Masu kiɗan da ake kira industrial da noise, da ƙungiyoyi irin su Sonic Youth, ana yawan danganta salonsu da shi. A shekarar 2000 aka sake fitar da shi a faifan CD.

Abin da ya fi ba da mamaki ya faru a Jamus. Wani mai busa saksofon, Ulrich Krieger, ya zauna ya bi ƙarar da kunne ya rubuta ta a matsayin kiɗan da za a iya karantawa a kaɗa, aikin da Reed ya ɗauka ba zai yiwu ba. A 2002 ƙungiyar Zeitkratzer ta kaɗa shi a Berlin da kayan kiɗa irin su goge, piyano da kayan busa, Reed kuma ya hau dandamali tare da su. An fitar da naɗin wannan wasa a 2007. A 2008 Reed ya kafa Metal Machine Trio tare da Krieger da Sarth Calhoun, suka riƙa yin irin wannan kiɗa kai tsaye a gaban masu kallon da a wannan karon sun san abin da suka sayi tikiti don su ji. Reed ya rasu ranar 27 ga Oktoba 2013.