Zanen da Ƙafa Ba Ta Sharewa

A bakin babban titin unguwar Nima, a Gana, za ka ga mai walda ya tsuguna da guntun alli yana zana ƙofar gida a kan siminti: tsawo kaza, faɗi kaza, ga inda furen ƙarfe zai lanƙwasa. Yaransa su yanko rodi su ɗora a kan zanen. Kafin la'asar ƙafafun masu wucewa sun share allin. In mai gida ya dawo bayan wata shida yana son irinta sak, sai a koma farko, kuma da wuya ƙofofin biyu su zo ɗaya.

Wannan asarar ce zanen kwamfuta, wanda injiniyoyi ke kira CAD, yake magancewa. Awo ake shigarwa, ba hoto kawai ba: ramin nan milimita 12, kaurin farantin milimita 3. In aka sauya awo ɗaya, duk waɗanda aka ɗaure da shi sai su gyaru da kansu. Mai zane na iya juya abin a allo, ya leƙa cikinsa, ya ga ko kan noti zai tokari wani ƙarfe, tun ba a ɓarnatar da kayan kowa ba. Daga nan a miƙa zanen ga injin yanka, ya bi layin sau ɗari ba tare da ya kauce ba.

Abin ya daɗe. Ivan Sutherland ya nuna manhajarsa ta Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka a 1963, AutoCAD ta fito a 1982, kuma jirgin Boeing 777 da ya fara tashi a 1994 a kwamfuta aka zana shi gaba ɗaya. A Gana an buɗe ɗakin ƙere-ƙere na Fab Lab a makarantar fasaha ta Takoradi tun 2004. A Lome kuwa, Afate Gnikou ya harhaɗa injin ɗab'in kaya a 2013 da tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Mu ma a zango ba baƙonmu ba ne. Telan Mamobi da ke sa filashi a injin aikin wuya, ya zauna yana kallon allura tana bin zane, wannan hanyar yake bi. Abin da ke damuna shi ne har yanzu maƙeranmu ba su kama ta ba. Ƙaramin ƙarfen injin niƙa zai karye, a zagaye kasuwar Abossey Okai a rasa, mai injin gurza ya auna ya ƙera sabo da kyau, amma awon ya tsaya a kansa. Ranar da ya yi tafiya, ya tafi da shi.

Ba na raina tsadar kwamfuta ko ɗaukewar wuta. Amma FreeCAD kyauta ce, kuma cibiyar koyon sana'a ta Kokomlemle, wadda aka kafa a 1966 da taimakon Kanada, tana nan tsakanin Adabraka da Nima, tafiyar ƙafa. Kwamfuta ba ta san yadda faranti ke murɗewa in ya sha wutar walda ba. Ogan shago ne ya sani. Shi ya sa nake ganin yaron da ya riga ya shekara uku a gabansa ne ya fi cancanta a tura ya koyi zanen, ya dawo ya fara da ƙofar da suka fi yawan ƙerawa.